Farfaɗo da Ƙaramar A-kori-kura: Nazarin Gyaran Samfurin Ford F-100 na 1953

Samfurin motar da wannan nazari ya shafa ba irin motar wasan yara ba ce da ake saya a haɗe. Yana zuwa ne a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, an zuba kowane sashe da roba mai tauri da ake kira polistirin, sai mai shi ya yanke sassan ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya shafa fenti, ya manna su da gam har mota ta tashi. Wannan sha'awa ta bunƙasa a Amurka daga ƙarshen shekarun 1950, kuma kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Mishigan a 1948, yana cikin waɗanda suka yi fice a kanta. Da farko kamfanin yana yi wa dillalan motoci ƙananan samfura ne domin talla, daga baya, a 1958, ya fara sayar da su a warwatse domin mutum ya haɗa da hannunsa. Ma'aunin da ya fi amfani da shi shi ne 1/25, wato kowane inci guda a jikin samfurin yana wakiltar inci 25 a jikin motar gaske.

Motar da aka kwaikwaya a nan ita ce a-kori-kurar Ford F-100 ta 1953. A shekarar ce Ford ya cika shekara 50 da kafuwa, a cikinta ce kuma ya sake fasalin a-kori-kurarsa gaba ɗaya, ya faɗaɗa kan motar, ya sa mata gilashin gaba mai lanƙwasa falle ɗaya, sannan ya sauya mata suna daga F-1 zuwa F-100. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya inci 110 ce, kuma 1953 ce shekara ta ƙarshe da Ford ya sa tsohon injinsa V8 mai shafaffen kai a motocin da yake sayarwa a Amurka. Waɗannan bayanai suna da amfani kai tsaye ga mai gyara, domin da su ne zai auna aikinsa. Idan aka raba inci 110 gida 25 za a sami inci 4.4, kimanin santimita 11, kuma duk samfurin da tazarar tayoyinsa ta kauce wa wannan, akwai abin da ya goce a shasinsa.

Samfurin ya zo hannuna ne ta hanyar cinikin tsofaffin kaya a intanet, kuma wani ya riga ya haɗa shi shekaru masu yawa da suka wuce. Duk alamu sun nuna aikin yaro ne mai ɗoki. An shafa masa jan fenti da buroshi, mai kauri sosai, har ya cike layukan ƙofa da rubutun da ke jikin murfin baya, kuma an bar sawun yatsa ƙarara a gefen bodin inda aka riƙe shi tun bai bushe ba. Gam ɗin da aka yi amfani da shi irin na cikin bututu ne, an kuma zuba shi ba ƙaƙƙautawa, ya kwararo ta gefen gilashin gaba ya bar masa farin tabo mai zurfi. Ginshiƙin da ke riƙe da rufi ta ɓangaren direba ya karye, rufin kansa ya ɗan lotsa ta wannan gefe, bambar gaba ta ɓata, sitiyari ma babu shi. Tayoyi biyu sun cire daga mazauninsu an jefa su cikin kwalin, ɗaya daga cikinsu ta kwanta a kan bonet tsawon shekaru har ta bar masa shatinta. Wannan shati, wanda a hoton mai sayarwa ya yi kama da datti kawai, shi ne ɓarna mafi wuyar magani a duk jikin motar.

Kafin a taɓa komai sai da aka yanke shawara a kan wata tambaya da ke da nauyi. Kamfanin AMT, wanda ya yi wannan samfuri, ya sake fitar da shi sau da dama a shekarun baya, saboda haka ana iya samun sabo fil a cikin ledarsa, kuma haɗa sabon ya fi gyaran tsohon sauƙi nesa ba kusa ba. Mai neman kyakkyawar mota kawai da zai ajiye a kanta, sabon ya fi masa. Dalilin gyaran tsohon shi ne a ceto abin da aka zuba tun mazubin ƙarfen da ake zuba robar a cikinsa yana da kaifi, domin tsofaffin zubi sukan fi fito da ƙananan rubutu da layuka sarai, sannan a mutunta aikin da wani ya fara. A kan haka na tsayar da ƙa'ida guda: kan motar da bodin da bonet da shasi za su kasance na asali ko da gyaransu zai ɗauki lokaci, amma abin da ya ɓata ko ya lalace har ba ya gyaruwa za a ɗauko shi daga wani sabon kwali da aka saya domin wannan buƙata. An ɗauki hoton motar ta kowace fuska kafin a fara, domin idan sassa suka rabu, hoton ne kaɗai zai tuna wa mutum yadda suke a da.

Warware motar ya zo da sauƙi fiye da yadda kamanninta ya nuna. Gam ɗin roba ba ya manna abu biyu yadda gam ɗin takarda yake yi. Narkar da fuskokin biyu yake yi su cakuɗe su zama ɗaya, shi ya sa idan an yi aikin da kyau, raba su sai da yanka. Sai dai yaron ya shafa fenti kafin ya manna, gam ɗin kuwa a wurare da dama fentin ya kama bai kai ga robar ba. An jiƙa motar da ruwa sosai, aka sa ta a leda aka ajiye a firiza ta kwana, domin ruwan da ya shiga tsakanin gaɓoɓi yakan kumbura idan ya daskare, sanyin kuma yana sa tsohon gam ya yi gautsi. Bayan an maimaita haka, bodin ya rabu da shasi, kujera da injin suka fito da ɗan matsi kaɗan. Gilashin gaba ne kawai ya ƙi, sai da aka bi gefensa da siririn zarto a hankali, aka sadaukar da gilashin domin a tsira da firam ɗin da ke kewaye da shi.

Cire fenti shi ne matakin da samfura da yawa suke halaka a cikinsa, kuma dalili shi ne abin da hannu ya saba kaiwa gare shi a garejin mota shi ne ainihin abin da ke kashe wannan roba. Fetur da tina da asitun, wato sinadarin goge fentin farce, duk suna narkar da polistirin, cikin ɗan lokaci sai fuskar motar ta yi laushi ta yamutse, kuma babu dawowa daga wannan. Wasu masu wannan sha'awa suna jiƙa sassa a man birki, kuma lallai yana ɗaga fenti, amma yakan bar tsohuwar roba da gautsi, wanda kuwa ginshiƙinsa ya riga ya karye ba ya bukatar ƙarin rauni. Abin da aka zaɓa shi ne ruwan soda, irin wadda masu haɗa sabulu suke amfani da ita. Fentin da aka shafa wa motar mai tushen mai ne, soda kuwa tana mayar da mai sabulu, saboda haka tana warware fentin ta bar robar yadda take. An yi gwaji tukuna a cikin bodin, wurin da ido ba zai gani ba, kafin a tsoma sauran.

Soda tana ƙona fata, tana kuma makantar da ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, kuma da yake haɗin yana ɗaukar zafi, sai an bar shi ya huce sarai kafin a sa roba a ciki, in ba haka ba zafin ya lanƙwasa abin da ake son ceta. Mazubin ya zama na roba mai murfi, domin soda tana cin alminiyam. Bayan sassan sun jiƙa, jan fentin ya yi taushi ya riƙa saɓulewa da tsohon buroshin haƙori, abin da ya maƙale a layukan ƙofa kuma aka sakace shi da tsinken sakace. A nan ne haruffa huɗu na sunan Ford suka bayyana a murfin baya da kaifinsu, bayan shekarun da suka yi a binne. Jan launin ya bar ɗan jirwaye a jikin robar wanda wanki bai fitar ba, kuma an lura da shi domin irin wannan jirwaye yakan ɓullo ta cikin sabon fenti idan ba a toshe shi da shimfiɗa mai kyau ba.

Sassan da suke ƙyalli kamar kurom sun dusashe, sai aka tsoma su a ruwan bilic na wanki. Abin da ke kansu siririn alminiyam ne da aka fesa a kan wani man shimfiɗa, cikin ɗan lokaci ya narke ya bar robar tsirara.

Sai batun bonet. Tayoyin irin waɗannan samfura, na kamfanoni da dama a wancan zamani, an yi su ne da roba mai laushi ta binil, wadda asalinta mai tauri ce, sai an cakuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai kafin ta yi laushi. Wannan sinadari ba ya zama wuri ɗaya. A hankali yake tsattsafowa daga jikin tayar, idan kuma ya sami polistirin a manne da shi sai ya shige cikinsa ya mayar da shi laushi, zafin wurin ajiya kuma yana hanzarta lamarin. A kan wannan bonet, tayar ta nutse har ana iya ƙirga zanen ƙafarta, kuma da aka danna wurin da farce sai ya lotsa kamar ƙaron da bai gama bushewa ba. Rimukan biyu da tayoyinsu ba su cire ba su ma bakinsu ya narke.

Abin da mutum zai fara tunani shi ne ya cike ramin da abin ciko ya goge ya wuce. Wannan ba ya ɗorewa, domin sinadarin yana nan a cikin robar, zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin cikon, bayan watanni sai shatin tayar ya sake fitowa ta cikin sabon fenti. Maganin shi ne a cire duk robar da ta kamu. An kankare wurin da kan wuƙa mai lanƙwasa, ana yi ana gwada taurinsa da tsinin allura, har aka kai ga roba mai ƙarfi ta kowane gefe, a tsakiya kuwa sai da aka huda bonet ɗin gaba ɗaya. Daga ciki aka manna siririn fallen polistirin ya zama gado, daga waje kuma aka cike da robar da aka narkar, wato gutsattsarin sandunan da sassa ke zuwa a jikinsu, an jiƙa su a gam mai ruwa har suka zama kunu mai kauri. Amfanin wannan ciko shi ne jinsinsa ɗaya da bonet ɗin, taurinsu ɗaya, saboda haka idan ana gogewa ba za a cinye gefe a bar tsakiya ba. Illarsa ita ce jinkirin bushewa, kuma yana tsukewa yayin da yake bushewa. Dole aka riƙa zuba shi siriri-siriri, ana barin kowane zubi ya yi kwanaki kafin a ƙara wani. Bonet ɗin F-100 yana da doro mai lanƙwasa ta fuska biyu, don haka aka yanki kwali daidai da lanƙwasar ɓangaren da bai lalace ba, aka riƙa ɗora shi a kan ɓangaren da ake gyara ana duba inda haske ke ratsawa. A ganina wannan ɗan kwali ya fi kowane kayan aiki da aka saya amfani a duk aikin. Sabon kwalin yana da bonet lafiyayye da za a iya ɗauka kai tsaye, amma da an yi haka, da abin da ya rage na tsohuwar motar a ɓangaren da ido ya fi sauka a kai ya zama kaɗan.

Rufin da ya lotsa an gyara shi da ruwan zafi. Polistirin yana sakin jiki baki ɗaya ne a kusan maki 100 na ma'aunin Salsiyas, saboda haka tafasasshen ruwa haɗari ne ga sashe siriri kamar ginshiƙin rufi. An yi amfani da ruwan da aka sauke ya ɗan huce, aka tsoma kan motar na ɗan lokaci, aka tura rufin da yatsa daga ciki, aka sa guntun katako da aka yanka daidai tsayin ɗaya gefen ya tokare shi, sannan aka tsoma shi a ruwan sanyi domin ya tsaya a haka. An gwammace a maimaita sau da yawa da ruwa mai matsakaicin zafi a kan a yi sau ɗaya da mai tsanani. Ginshiƙin da ya karye kaurinsa bai wuce na tsinken ashana ba, gam kaɗai ba zai riƙe shi ba. An sassaƙa siririyar kwata a bayansa, aka kwantar da wayar tagulla mai kaurin rabin milimita wadda ta ratsa karayar sama da ƙasa, aka riƙe ta da sufa gulu, sannan aka haɗa bakin karayar ta waje da gam mai ruwa. An yi wannan duka ne da sabon gilashin a wurinsa, an riƙe shi da salatif, domin gilashin ne zai nuna ko firam ɗin ya koma daidai.

Gilashin baya bai sha gam ba, ƙarce ne kawai a jikinsa, saboda haka aka bar na asali. An goge shi da sanfefa mai lamba 1000 a jiƙe, aka koma 2000, aka ci gaba zuwa mafi laushi, kowane mataki ana sauya fuskar gugar domin a ga ko sawun na baya ya ɓace, a ƙarshe aka murza shi da man goge haƙori da ƙyalle mai taushi har ya washe.

Da aka fesa shimfiɗar farko mai launin toka, sai aibobin da ido bai gani ba suka fito: gefen cikon bonet ta hagu, wasu ƙananan ramuka inda gam ya ɗiga a madigadin baya, da layin ƙofar direba da ya cushe. An sake zana layin da bayan wuƙa, aka cike ramukan, aka goge, aka sake fesawa, aka yi ta zagayawa a haka har hasken fitila da aka haska ta gefe ya daina nuna komai. Wannan zagaye yana gajiyarwa, kuma a nan ne mutum yake jin kamar ya rufe ido ya fesa launi, alhali fenti mai sheƙi ƙara fito da aibi yake yi.

An zaɓi kore mai duhu, kusa da wanda Ford ya kira Meadow Green a jerin launukan a-kori-kurarsa na wancan lokaci. Fentin gwangwani na motocin gaske da ake samu a kasuwa yana ɗauke da sinadari mai zafi da ke iya yamutsa polistirin, shi ya sa aka fara gwada shi a bayan cokalin roba na yarwa, wanda galibi jinsinsa ɗaya da robar samfurin, an shimfiɗa masa irin shimfiɗar da aka yi wa motar. Fesawar farko da ta biyu an yi su ne daga nesa, sama-sama, domin su zama katanga, sai ta ƙarshe aka ba ta jiki. Aikin ya faɗo a lokacin hunturu, ƙura kuwa ba ta barin ɗanyen fenti, don haka aka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin fesawa, kuma da an gama sai a kife babbar roba mai tsabta a kan sashen. Fuskar gaba an yi mata launin madara, matakalan gefe da shasi baƙi. Ƙananan abubuwa masu ƙyalli, irin su hannun ƙofa da kewayen fitilu, an yi su da alƙalamin kurom na kamfanin Molotow, wanda ba ya son taɓawa bayan ya bushe, saboda haka aka bar su sai ƙarshe.

Wajen haɗawa, an kankare fenti daga duk inda gam zai zauna, domin abin da ya sa motar ta warware cikin sauƙi tun farko kada ya sake faruwa. Gilasai an manna su da farin gam na katako, wanda yake bushewa garau kuma ba ya cin roba, sufa gulu kuwa tururinsa yana bar wa gilashi farin hazo. Tayoyi da rimuka an ɗauko su daga sabon kwali, tare da sitiyari da bambar gaba, kuma an shafa wa bakin kowane rim fenti, aka naɗe shi da siririn fallen alminiyam domin tayar kada ta taɓa robar kai tsaye. Da aka ɗora motar a kan gilashin tebur, sai tayar baya ta dama ta tsaya a sama kaɗan ba ta taɓa ƙasa ba, alamar shasin ya ɗan murɗe. An mayar da shi ruwan zafi, aka ɗaure shi a jikin katako shafaffe har ya huce, tayoyi huɗu suka zauna, tazarar gaba da baya kuma ta fito inci 4.4 ta kowane gefe.

A halin da motar take yanzu, kanta da bodinta da bonet da shasi da injin da kujera da gilashin baya duk na asali ne, gilashin gaba da tayoyi da rimuka da sitiyari da bambar gaba kuma sababbi ne. Akwai abubuwa biyu da ba su koma yadda ake so ba. Ginshiƙin ɓangaren direba ya fi ɗan'uwansa kauri kaɗan saboda wayar da ke bayansa, kuma wanda ya ɗaga bonet zai ga facin da aka yi masa daga ciki, wanda aka bar shi a haka domin kankare shi zai raunana cikon da ke samansa. Wurin cikon ana duba shi lokaci-lokaci da hasken gefe, domin idan akwai sauran robar da ta kamu wadda wuƙa ba ta kai gare ta ba, a nan za ta fara nunawa. Motar tana cikin akwatin gilashi nesa da taga, an tokare shasinta da ɗan katako ta yadda tayoyin ba su ɗauke da nauyinta, tsofaffin tayoyin kuma an naɗe su a takarda an ajiye su dabam, nesa da duk wani sashe na roba.